Shin jiki na sabawa da sanyi da gaske, ko mutum ne ke daina kula?

Auwal_Kazan
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da ke zauren nan, da duk wanda ya taɓa zama ƙasar ƙanƙara. Wannan ne sanyina na uku a Kazan ta ƙasar Rasha. Shekarar da na zo, tun a watan Oktoba, ma'auni bai ma kai sifili ba, amma riga huɗu nake jibgawa, kuma ina leƙo waje numfashina zai sarƙe, gabana ya riƙa dukan uku-uku kamar wanda aka biyo. Jiya da safe ana 12 ƙasa da sifili na fita sayen burodi da rigar sanyi ɗaya, sai da na dawo na lura ko safar hannu ban sa ba. Abokin zamana ya ce jinina ne ya yi kauri, ni kuwa maganar ba ta kwanta mini ba. Me ya canza a jikina? Kuma tunda na daina jin sa kamar da, ke nan ya daina yi mini illa?

Maman_Ilham
Wa alaikumus salam. Ba sai an je Rasha ba ma. Ni 'yar Sakkwato ce, aure ya kawo ni Jos. Hunturun farko har hawaye nake yi in zan yi wankan safe, haƙorana na haɗuwa. Yanzu shekara tara, in 'yan gidanmu suka zo a watan Janairu suna ƙudundune a bargo, ni ina tsakar gida ina wanki. Sabo ne kawai.

Sarkin_Yaƙi77
Abokinka ya yi gaskiya, jini ne ke kauri. Haka muka taso muka ji. Shi ya sa Bature in ya zo nan zafi ke galabaitar da shi.

Likita_Hadiza
Malam Sarkin Yaƙi, a yi mini afuwa, ba a nan take ba. Sanyi kan sa jini ya ɗan yi kauri na ɗan lokaci, amma illa ce, ba sabo ba. Jijiyoyin jinin fata sun tsuke, jini ya taru a tsakiyar jiki, ƙoda ta ga kamar ruwa ya yi yawa sai ta shiga zubarwa. Dalilin yawan fitsari lokacin ɗari ke nan.

Auwal, abin da ya canza a jikinka yana ga jijiyoyin saƙo da ƙwaƙwalwa. A cikin fata akwai bakin jijiyoyi masu wata 'yar kafa da masana ke kira TRPM8. Da fata ta yi sanyi ƙasa da digiri 26 ko kusa da haka, kafar za ta buɗe, saƙo ya bi laka ya hau zuwa wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus. Shi ne mai gadin zafin jiki, yana riƙe da shi a wajen digiri 37. Da ya ji labari sai ya ta da jijiyoyin nan da ba sa jiran umarninka, waɗanda ke aiki in ka firgita. Bakinsu ya fitar da wani sinadari mai suna noradiranalin, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su sako ɗan'uwansa adiranalin cikin jini. Nan take jijiyoyin jinin fata su tsuke, tsikar jiki ta tashi, zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau. In abin ya ci gaba, tsoka ta fara karkarwa don ta samar da ɗumi. Dukan uku-ukun da ka ji a shekarar farko, hanya ɗaya ya biyo da na wanda kare ya kora.

Sabo shi ne ƙwaƙwalwa ta rage ƙarfin wannan gangamin. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya daɗe yana tsoma masu sa kai a ruwan sanyi yana aunawa. Ya nuna cewa shiga ta minti 3, sau biyar ko shida kacal, tana rage wannan firgitar farko da kusan rabi, kuma ragin kan ɗauki watanni bai gushe ba. Gwajinsu da ya fi burge ni shi ne wanda suka riƙa tsoma ɓarin jiki ɗaya kawai, daga baya suka tsoma ɗaya ɓarin da bai sha wannan horo ba, sai ga shi shi ma ya lafa. Ka ga ke nan ba fata ce ta mutu ba, can sama aka sauya shawara.

Auwal_Kazan
Na gode ƙwarai Likita, Allah ya ƙara ilimi. Saura tambayata ta biyu.

Bilkisu_KD
Kafin ta dawo, in tambaya, me ya sa in na sha TomTom sannan na kurɓi ruwan randa sai in ji kamar daga firji aka fito da shi?

Ɗalibar_Fiziyoloji
@Bilkisu_KD kafar nan da Likita ta ambata ce. Sinadarin mental da ke cikin na'a-na'a da alewar minti da Robb yana buɗe ta ko babu sanyi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wurin ya yi sanyi alhali zafinsa bai motsa ba. Da shi ma aka gano ta a shekarar 2002. David Julius da Ardem Patapoutian, kowa da ɗakin bincikensa, su suka gano ta, kuma a 2021 aka ba su kyautar Nobel kan aikinsu na yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓi.

Sannan in ƙara a kan maganar malamarmu, ba duka sinadaran ne ke lafawa tare ba. A Finlan an bi wasu mata na tsawon mako 12, sau uku a mako suna shiga ruwan ƙanƙara na daƙiƙa 20. Bayan 'yan makonni kotizol, wato sinadarin da jiki ke saki in yana cikin takura, ya ragu. Amma noradiranalin bai fasa ba, kowace shiga sai ya ninka biyu zuwa uku, daga makon farko har na ƙarshe. An wallafa wannan a 2008. Yadda na fahimta, fargaba ce ta tafi, aikin tsuke jijiyoyi da tsaron ɗumi yana nan daram.

Injiniya_Winnipeg
Ƙanina Auwal, tambayarka ta biyu ni zan amsa maka, don a jikina na koya. Shekarata ta huɗu a Kanada, lokacin ina ganin na gama da sanyi, na tsaya jiran bas ana wajen 30 ƙasa da sifili ga iska. Aka kira ni daga gida, na cire safar hannun dama na riƙe waya. Ban fi minti goma ba. Da farko yatsun sun yi zafi, sai kuma suka daina, na ce to sun saba. Ina shiga mota na ga biyu sun yi fari fat, sun ƙage kamar itace. Azabar da na sha da suka fara narkewa ba na fatan ta ga maƙiyina. Alhamdulillahi ba a yanke ba, amma yau shekara shida, ko daga firiza na ɗauko nama sai sun yi mini zugi. Daina jin zafin nan ba sauƙi ba ne, jijiyar ce ta daina kai saƙo. Sabo turken wawa, in ji manya. Ka sa safarka.

Likita_Hadiza
Sannu Injiniya, Allah ya ƙara sauƙi. Amsar ke nan Auwal. Nama yana daskarewa da zarar shi kansa ya sauka ƙasa da sifili kaɗan, ko ka saba ko ba ka saba ba. Abin da ya ragu shi ne ihun mai gadi, ɓarawon yana nan.

Jiki na da wata dabara ta kare yatsu. Wani likitan Birtaniya, Thomas Lewis, ya bayyana ta a 1930: in ka tsoma yatsa a ruwan ƙanƙara, jijiyoyin za su tsuke, bayan minti biyar zuwa goma su buɗe jini mai ɗumi ya kwararo, su sake tsukewa, haka dai bi da bi. Sai dai gwaje-gwaje sun nuna cewa a jimlace wannan buɗewar ta fi jinkiri da rauni ga mu 'yan asalin Afirka. A yaƙin Koriya na farkon shekarun 1950 sojojin Amurka baƙar fata sun fi takwarorinsu samun daskarewar yatsu, kuma rundunar Birtaniya ta ga irin haka a nata sojojin.

Comr_Nasiru
Ni fa irin wannan maganar ba na sonta. Kullum sai an ce baƙar fata ya gaza a wani abu. Ba ku tunanin kayan sanyi marasa kyau aka ba su a yaƙin, ko aka tura su inda ya fi wuya?

Ɗalibar_Fiziyoloji
Kwamared, tambayarka na kan hanya, a filin yaƙi abubuwa da yawa na cakuɗewa. Amma an maimaita awon a ɗakin gwaji, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya, bambancin ya fito. Ba gazawa ba ce. Kakanninmu zafi suka yi fama da shi, ba ƙanƙara ba. Kuma jimla ce, ba hukunci a kan kowane mutum ba. Amfanin sanin shi ne ɗalibinmu da ke Rasha kada ya auna kansa da ɗan ajinsu da aka haifa a can.

Comr_Nasiru
Na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba.

Ɗan_Sarkawa
Mahaifina masunci ne a Yawuri. Cikin muku-mukun sanyi, kafin gari ya waye, yana cikin kogin Neja yana jan koma. In ya fito ya riƙe hannuna sai in ji nasa ya fi nawa ɗumi, ni da na tsaya a gaɓa. Tun ina yaro abin ke ba ni mamaki. To shi ma baƙar fata ne.

Likita_Hadiza
@Ɗan_Sarkawa Allah ya ƙara wa Baba lafiya. An ga irin wannan a masuntan gabashin Kanada da masu feɗe kifi a Ingila, hannunsu ya fi na sauran mutane samun jini a cikin ruwan sanyi. Shekaru da yawa na aiki ne a gaɓa ɗaya ta jiki. Amma a tuna ruwan kogin Neja ko a tsakiyar hunturu bai kusanci daskarewa ba.

Koci_Bash
Jama'a kuna ta tsorata mutane. Sanyi magani ne! Wata takwas ke nan kullum da asuba nake sheƙa ruwan sanyi, mura ta bar ni, kasala ta bar ni. Ku nemi Wim Hof, mutumin Holan da ke zama cikin ƙanƙara. Bincike ya tabbatar wankan ruwan sanyi na ƙara dofamin, sinadarin nishaɗi na ƙwaƙwalwa, da kashi 250 cikin ɗari. Ina ba kowa shawara ya fara gobe.

Zainab_SS
Yaya Bash don Allah ka cire kalmar kowa. Ina da sikila. Ruwan sama kawai ya taɓa dukana daga makaranta zuwa gida na kwana biyar a asibiti. Mu in jijiyoyi suka tsuke jininmu maƙalewa yake, ciwon kuma sai wanda ya ɗanɗana. Akwai yara masu irin lalurata da ke karanta abin da ake rubutawa a nan.

Ɗalibar_Fiziyoloji
Koci, adadin da ka kawo na gaskiya ne, amma ka bar rabin labarin. Masu bincike ne na ƙasar Cek suka wallafa shi a shekarar 2000. Samari lafiyayyu aka zaunar cikin ruwa mai digiri 14, har wuya, na awa guda cur. Dofamin ya tashi da kashi 250, noradiranalin da kashi 530. Awa guda fa, ba bokiti biyu a banɗaki ba.

Shi kuwa Wim Hof, gwajin da ya fito da sunansa an yi shi a Jami'ar Radboud a 2014. Mutum 12 da ya horar aka yi wa allurar gubar ƙwayar cuta, aka ga adiranalin ɗinsu ya yi sama sosai, alamun zazzaɓi kuma sun yi musu sauƙi fiye da sauran 12. Abin sha'awa ne, amma a lokacin allurar salon numfashinsa suke yi, ba cikin ƙanƙara suke ba. Kuma an auna shi tare da ɗan'uwansa da suke tagwaye, wanda ba ya wannan horo, aka tarar jikinsu na samar da ɗumi kusan daidai. Wannan numfashin kuma in aka yi shi cikin ruwa mutum na iya suma ya nutse.

Koci_Bash
Zainab ki yi haƙuri, na yi kuskure da na ce kowa. Amma ni dai abin da na ji a jikina ba wanda zai ce ban ji ba.

Likita_Hadiza
Ba mai musa maka Koci, noradiranalin na wartsakar da mutum, gaskiya ne. Roƙona a kan masu hawan jini da ciwon zuciya da tsofaffi ne. Akwai wani abu da ke faruwa in ruwan sanyi ya bugi jiki da fuska lokaci guda. Fatar jiki na aika saƙon a ƙara gudun zuciya, fuska kuma, musamman in an riƙe numfashi, na aika saƙon a rage ta wata jijiyar daban. Umarni biyu masu karo da juna a kan zuciya ɗaya, bugunta na iya rikicewa. Lafiyayye yakan wuce, mai lalura ba lallai ba. Ruwa kuma ya ninka iska wajen sau 25 a saurin ɗebe ɗumin jiki, don haka sabon da Auwal ya yi da iskar Kazan ba izinin faɗawa kogin Volga ba ne.

Ustaz_Abu_Hafsa
Tunda an zo wajen ruwan asuba, in tunatar. Cika alwala a lokacin da take da wuya yana da lada babba, hadisi ya tabbata a kai. Amma ɗumama ruwa ba laifi ba ne, kuma wanda ya ji tsoron cutuwa yana da rangwame. Amr ɗan As ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya ja sallah, da labari ya je wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Kada a takura wa tsoho ko mara lafiya.

Ungozoma_Rabi
Kuna ta maganar manya, ni jarirai ne a raina. Jariri sabon haihuwa ba ya iya karkarwa irin tamu. Abin da Allah ya ba shi wani kitse ne mai ruwan ƙasa a tsakanin kafaɗu da wuya da kewayen ƙoda. Noradiranalin ɗin nan da kuke faɗa shi ke kunna shi, ya ƙone ya ba da ɗumi. To ƙonewar na cin sukarin jini da iskar numfashi, bakwaini kuma kitsen nasa kaɗan ne. Sau nawa ake kawo mana jinjiri a hunturu jikinsa kamar randa, ba kuka, ba kama nono, don an yi masa wanka ana haihuwarsa an bar shi a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24. A goge shi, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare.

Ɗalibar_Fiziyoloji
Anti Rabi, da can an ɗauka kitsen nan na ɓacewa in an girma. Sai a 2009 bincike uku suka fito lokaci guda suka nuna manya ma na da saura a wuya da saman ƙashin kafaɗa, kuma yana ƙara kuzari in mutum ya jima yana shan sanyi. Mai yiwuwa Auwal ya samu kaso a nan ma.

Hajiya_Mairo
'Ya'yana, mu dai mun taso mun san sanyi shi ne uwar cuta. Shi ya sa ake wa mai jego wankan ruwan zafi da kunun kanwa, kada sanyi ya shige ta. Yanzu kun zo kuna cewa a bar jariri ba wanka.

Ungozoma_Rabi
Hajiya ba a ce a bari ba, jinkirtawa ake yi kwana ɗaya, kuma manufarmu ɗaya da taku, kada sanyi ya kama shi. Wajen mai jego kuwa, ruwa mai ɗumi ba wanda ya hana, tafasasshe da ke sale fata da yawan kanwa ne muke roƙo a sassauta.

Mai_Kula_Da_Zaure
Wankan jego babban zance ne, a buɗe masa nasa zaren. Mu koma kan tambayar Auwal.

Ag_Tenere
Gaisuwa daga Agadas. Lokotoro Hadiza mun gode. Kakana ya yi shekaru yana bin ayarin gishiri zuwa Bilma, kuma lokacin ɗari ake tafiyar. Ya ce akwai daren da ruwan salka ke wayuwa da ƙanƙara. Bargo ɗaya, rawani, a raɓa da jikin raƙumi, a yi barci. Ni na gwada kwana ɗaya a hamadar Tenere cikin Janairu ban runtsa ba don makyarkyata. Shin su jikinsu daban ne?

Ɗalibar_Fiziyoloji
@Ag_Tenere labarin kakanka ya tuna mini da wani awo da aka yi a hamadar Ostireliya a shekarun 1950. 'Yan asalin wurin na kwana a fili cikin sanyin dare suna barcinsu, fatarsu ta yi sanyi, zafin cikinsu ya ɗan sauka, ba karkarwa. Turawan da suka kwana kusa da su kuwa karkarwa ta hana su barci. Wato hanyar sabo ba ɗaya ba ce. Wasu jikinsu na barin kansa ya ɗan huce don ya tanadi abinci. Wasu, kamar Yakutawan Saberiya, jikinsu na ƙona abinci fiye da na sauran mutane ko suna zaune. Ƙasarsu ce ake da Oymyakon, inda aka auna 67.7 ƙasa da sifili a 1933.

Kuma sabon na gudu in aka daina. Matan tsibirin Jeju a Koriya ta Kudu da ke nutso a teku suna ɗebo abincin ruwa, da rigar auduga suke shiga ko da hunturu, kuma an auna juriyarsu ta wuce ta matan da ba sa nutso. Da suka koma sa rigar roba a shekarun 1970, cikin 'yan shekaru bambancin ya ɓace.

Sarkin_Yaƙi77
To na bar maganar jini. Amma har yanzu ina ganin rabin abin a zuciya yake. Wanda ya sa wa ransa zai iya, zai iya.

Likita_Hadiza
Malam, a nan kam muna tare da kai zuwa wani wuri. Fargaba na ƙara wa firgitar farko ƙarfi, har tana iya rushe sabon da aka riga aka yi. Lewis Pugh, wanda ya yi iyo na kilomita ɗaya a ƙuryar arewacin duniya a 2007 cikin ruwa mai 1.7 ƙasa da sifili, an auna shi an ga zafin jikinsa na haura digiri 38 tun kafin ya taɓa ruwan. Amma shi ma bai kai minti 19 a ciki ba, da likita da jirgi a gefensa. In zafin ciki ya sauka ƙasa da 35 tunani ke fara dagulewa, kuma ƙwaƙwalwar da za ta sa wa rai ita ce ta farkon rikicewa.

Auwal_Kazan
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Yaya Injiniya, labarinka ya tsaya mini a rai, don ɗan ƙaramin yatsana na hagu ya yi fari jiya, na murza shi da ƙarfi na ɗora a kan bututun ɗumama ɗaki. Yau ya dawo daidai, sai ɗan tsikari. Na yi daidai? Sannan in na zo hutu Kano wata uku, sabon zai tafi?

Likita_Hadiza
Ba ka yi daidai ba, amma Allah ya tsare. Ba a murzawa, ba a gogawa da ƙanƙara, ba a kai shi jikin wuta ko ƙarfe mai zafi, don yatsan da ba ya ji zai ƙone ba ka sani ba. Ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, ko ka cusa hannun a hammatarka. In ya yi bororo, ko launinsa ya sauya, ko tsikarin ya wuce 'yan kwanaki, ka je asibiti. Hutu kuma zai rage wani abu, makonnin farko in ka koma za ka ji a jikinka, amma ba kamar zuwan farko ba.

Injiniya_Winnipeg
Ka nemi safar da ke haɗa yatsu huɗu a aljihu ɗaya, ta fi mai rarrabe su ɗumi. Ka sa siririya a ciki don in za ka ɗaga waya.

Maman_Ilham
Likita tunda kina nan, ɗana mai shekara bakwai a Jos aka haife shi, ƙememe yake ƙin rigar sanyi, wai shi ba ya ji. In ƙyale shi ko in matsa? Ƙarfe shida da rabi suke fita, kuma a babur ake kai su.